Hotunan da ke lungun bauta a gidajen Hindu: ado ne ko kayan ibada?

Tambaya: Wata 'yar'uwa da ta kai mahaifiyarta jinya birnin Chennai na ƙasar Indiya ta rubuto cewa a gidan da suka kama haya akwai wani lungu cike da hotuna. Ta ga wani mai kan giwa, da wata mace mai hannu huɗu tsaye a kan fure, da wani jariri ɓulɓul da aka zana a kan katako yana ta ƙyallin zinare. Kullum da sassafe uwargidan takan kunna musu fitila. Ta ga irinsu a kasuwa, har na jaririn ya ba ta sha'awa tana tunanin yin tsarabarsa. Tana so ta san su wa aka zana, me ya sa wani ke da araha wani kuma tsada kamar me, sannan ado ne ko kayan ibada.

Amsa: Malama, Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya dawo da ku gida lafiya. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe domin ita ce ta fi nauyi, kuma sauran duk a kanta suka rataya.

Kayan ibada ne. Lungun nan da kika gani shi ne wurin bautar gidan, kuma abin da uwargidan ke yi da safe shi suke kira puja. Takan yi wanka tukuna, ta kwashe furannin jiya, ta goge wurin, ta kunna 'yar fitila da man shanu ko man riɗi, ta sa turaren tsinke, ta ɗiga jan gari a goshin kowane hoto, a kan gilashin firam ɗin. Sai ta ajiye ayaba ko kwakwa ko madara, ta kaɗa ƙararrawa, ta zagaya fitilar a gaban hotunan. Abincin da aka ajiye ɗin daga baya mutanen gida ke cinyewa a matsayin tabarruki, suna kiransa prasad. Ba a shiga wurin da takalmi. Masu bin tsohuwar ƙa'idar gini ta Indiya sukan so lungun ya kasance a kusurwar arewa maso gabas ta gidan.

Zuciyar al'amarin ita ce abin da suke kira darshan, wato mai bauta ya ga abin bautarsa, shi ma abin bautar ya gan shi. Idan kika riƙe wannan, kin gane dalilin da ya sa hotunan suke yadda suke. Ki lura, kusan dukkansu fuskarsu na kallonki kai-tsaye, idanu manya, a buɗe tar, babu mai juya baya, babu wanda inuwa ta rufe masa fuska. Masu zanen gargajiya da yawa ma sai sun gama komai sannan su sa idanu, domin a wurinsu daga nan ne hoton ya tashi daga katako da fenti ya zama abin da za a tsaya a gabansa. Su kansu mabiya addinin ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan. Wasu na ganin abin bautar yana sauka cikin hoton da gaske, wasu na cewa hoton madogara ce kawai ta tattara hankali ga ubangiji ɗaya wanda ba shi da siffa. Akwai ma ƙungiyar Arya Samaj, wadda Dayananda Saraswati ya kafa a 1875, da ta ƙi bautar hoto da gunki gaba ɗaya. Amma a gidan talaka da na mai kuɗi, abin da za ki fi tararwa shi ne abin da kika gani.

Su wa aka zana? Galibi ba a rubuta suna a jiki domin ɗan Hindu da alama yake gane su, tun yana goye. Mai kan giwar Ganesha ne, ɗan Shiva da Parvati. Za ki ga haurensa ɗaya a karye, da ƙaton ciki, da alawa a hannu, da ɗan ɓera a gindinsa. Shi ake fara kira kafin a soma kowane abu, aure ne ko buɗe shago ko sayen mota, domin sun ɗauke shi mai kawar da cikas. Macen da ke kan fure Lakshmi ce, ta arziki da wadata. Furen lotas ne, mai kama da badon da ke fitowa a kududdufi, kuma sau da yawa za ki ga sulallan zinare na zuba daga tafin hannunta, ga giwaye a gefe. Ita ce uwar bikin Diwali, wato bikinsu na fitilu, shi ya sa ba ki cika rasa ta a bayan teburin mai shago ba. Idan kika ga wata cikin fararen kaya riƙe da abin kiɗa mai dogon wuya da littafi, Saraswati ce ta ilmi, 'yan makaranta ke neman ta lokacin jarrabawa. Shiva yana da ido na uku a goshi, maciji a wuya, jinjirin wata a gashi, mashi mai baki uku a hannu. Mai baka da kibiya Rama ne, da matarsa Sita da ƙanensa Lakshmana, ga biri Hanuman durƙushe a gabansu.

Yawan hannuwa, wanda ke ɗaure wa mutanenmu kai, hanya ce ta nuna iko da ya wuce na ɗan'adam, kuma kowane hannu da abin da yake faɗa. Tafin da aka ɗaga yana fuskantarki yana nufin kada ki ji tsoro. Wanda aka sauke ƙasa a buɗe yana nufin kyauta. Sauran suna riƙe da makamai ko furanni da ke tuna wa mai kallo wani labari da ya sani.

Jaririn da ya ba ki sha'awa Krishna ne. Labarin ƙuruciyarsa yana cikin littafinsu Bhagavata Purana: yaro ne da ya tashi a hannun uwar goyonsa Yashoda cikin makiyaya, mai ƙiriniya, mai satar man shanu daga tukwanen mata. Ki duba da kyau, za ki ga curin man shanu a hannunsa ko tukunya a kusa. Iyaye mata suna son wannan hoto ƙwarai, domin a nan abin bautar ya zo a siffar ɗa, ana bauta masa da irin ƙaunar da uwa ke yi wa jaririnta. Sau da yawa akan ba amarya ko mai juna biyu shi kyauta. Kuma wannan ya nuna miki wani abu game da zaɓen hoton gida. Labaransu cike suke da yaƙi, amma ba hoton yaƙi aka fi ratayewa ba. Mutane da yawa suna gudun sa hoton fagen daga na Mahabharata, babban littafinsu na labarin yaƙi, ko na abar bautarsu Kali cikin fushinta a ɗaki, wai yana jawo husuma. Daga dogon labarin Rama, da korarsa daji shekara 14 da sace matarsa da wani mugun sarki mai suna Ravana ya yi, abin da aka fi so a bango shi ne ranar naɗinsa, kowa ya dawo, iyali sun haɗu.

To sai maganar katakon mai ƙyalli. Wannan shi ne zanen Tanjore, daga garin Thanjavur, kimanin kilomita 350 kudu da inda kike. Ya bunƙasa a zamanin sarakunan Maratha da suka mulki garin daga wajen 1676 zuwa 1855, musamman a fadar Sarki Serfoji na biyu. Aikinsa yana da hawa-hawa. Ana samun allo, a dā na itacen gargajiya mai ƙarfi, yau galibi filawud. A manna masa ƙyalle, a shafe da kwaɓin alli da ƙaro ko danƙon 'ya'yan tsamiya, a bari ya bushe, a goge har ya yi santsi. Sai a zana siffar. Daga nan a ɗauko kwaɓin alli mai kauri a riƙa ɗora shi a inda kambi yake, da sarƙoƙi, da awarwaro, da ginshiƙan rumfar da ke kewaye, har wurin ya taso ya yi tudu. A dasa duwatsu masu launi, waɗanda a zamanin sarakai kan kasance masu daraja, yanzu kuwa akasari gilashi ne. Sannan a shimfiɗa ganyen zinare a kai, a danna shi da tsinke har ya bi kowane lungu na adon, a yanke inda ya rufe duwatsun. Fenti ne ke zuwa a ƙarshe.

Dalilin zinaren ba alfahari kaɗai ba ne. An yi waɗannan alluna ne domin ɗaki mai duhu wanda 'yar fitila ɗaya ke haskawa. Idan harshen wutar ya motsa, tudun zinaren yana kama hasken yana mayarwa, sai ki ga kamar hoton na numfashi. Wanda ya gan shi a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki na shago bai gan shi ba tukuna.

Zinaren na gaske ne? A aikin kirki, e, amma ganye ne siriri ƙwarai, wanda ko an kankare shi ba zai kai wani nauyi ba. Tsadar tana cikin makonnin da mai aikin ya ɗauka. Kasuwa kuma cike take da masu ganyen jabu, kuma a ranar saye ido ba ya rabewa. Shekaru ne ke tona asiri: na gaske ba ya dushewa, na jabu yakan yi baƙi-baƙi. Shi ya sa masu saye na can sukan nemi shaida a rubuce daga mai shago.

Masu arahar fa, waɗanda ke kan takarda mai sheƙi? A ganina su ne ma suka fi cancantar dogon bayani, domin su suka canza yadda Indiya duka ke hango abubuwan bautarta. Labarinsu yana komawa ga mutum ɗaya, Raja Ravi Varma, wanda aka haifa a 1848 a Kilimanoor, cikin masarautar Travancore, a jihar Kerala ta yau. Ɗan gidan sarauta ne da ya ƙware a zanen fentin mai irin na Turawa, mai inuwa da zurfi, wanda ke sa mutum ya fito kamar a taɓa shi. Ya fara da zana sarakuna da gwamnoni, sannan ya juya wannan fasaha kan labaran addini. Sarkin Baroda, Sayajirao Gaekwad na uku, ya ba shi aikin zane 14 daga Ramayana, wato labarin Rama, da Mahabharata domin sabuwar fadarsa, kuma da aka nuna su ga jama'a, mutane sun yi tururuwa. A 1894 ya buɗe maɗaba'a a Bombay, wato Mumbai ta yanzu, da injinan Jamus da wani ƙwararren Bajamushe mai suna Fritz Schleicher. Ana zana hoton a kan falalen dutse, kowane launi da nasa dutsen, a buga takarda ɗaya sau da yawa har launukan su haɗu, a shafa mata man ƙyalli ta yi kama da aikin hannu. Akwai maɗaba'u kafin tasa a Kalkata da Pune tun 1878, amma hotunansa ne suka mamaye ƙasar. Harkar kuɗi ba ta yi masa kyau ba. Annoba ta faɗa wa Bombay, aka mayar da maɗaba'ar ƙauyen Malavli, daga baya ya sayar wa Schleicher. Ya rasu a 1906, amma injinan suka ci gaba da buga hotunansa shekara da shekaru.

Abin da wannan ya haifar babba ne. A lokacin, manyan wuraren bauta da yawa a rufe suke ga mutanen da tsarin fifita mutane bisa asalin haihuwa ya ajiye a ƙasa, waɗanda ake ƙyamar ko taɓa su. Allon zinare kuwa sai mai hali. Takardar 'yan kwabbai ta kai abin bauta cikin bukkar wanda aka hana shiga haikali, ya rataya a bangonsa, ya kunna masa fitila ba tare da neman izinin kowa ba. Kuma a wurin mai bautar, takardar nan ba ta gaza allon zinare da komai ba. Ki duba lungun gidan da kuke haya, za ki ga tsohuwar kalanda kafaɗa da kafaɗa da allon Tanjore, an ɗiga wa dukansu jan gari iri ɗaya.

Bai tsira daga suka ba. Masana irin su Ananda Coomaraswamy da masu zanen Bengal sun ce ya mayar da alloli 'yan wasan kwaikwayo, ya sa musu rigar Turawa. Ni ina ganin akwai gaskiya a wani ɓangare na sukar. Kafin shi kowane yanki da yadda yake zana Lakshmi, bayansa sai ta koma mace guda, fara, cikin jan sari. Littattafai sun siffanta Krishna da duhun fata irin na hadarin damina, amma a hannun masu buga kalanda da suka biyo baya launin ya yi ta washewa har ya koma shuɗi mai haske. Masu zanen Kalighat kuma, waɗanda ke sayar wa masu ziyara aikin hannu a kusa da haikalin Kali a Kalkata, inji ya kashe musu kasuwa. Duk da haka ba na cikin masu raina shi. Mutumin da ya sa miliyoyin jama'a suka rufe ido suka ga abin da ya zana ba ƙaramin gwani ba ne.

Mu ma nan aikinsa ya iso mu ba mu sani ba. Dadasaheb Phalke, wanda ya yi fim ɗin Raja Harishchandra a 1913 kuma ake ɗauka uban sinimar Indiya, ya yi aiki da maɗaba'ar Ravi Varma kafin ya shiga harkar fim. Kambi da sutura da tsayuwar allolin da muke gani a finafinan da suka cika gidajen sinima na Kano tun shekarun 1960, da jerin shirye-shiryen da ake fassarawa yanzu, daga waɗancan takardu suka gangaro. A bakin teku kuma, 'yan kasuwar Indiya sun kai hotunan zuwa ƙasashen Gana da Togo da Binin, inda masu bautar Mami Wata suka ɗauke su suka sa a ɗakunan tsafinsu da wata fassara tasu daban. Yau garin Sivakasi, a jihar Tamil Nadu da kike, wanda aka sani da ashana da kayan wasan wuta, yana cikin manyan cibiyoyin buga irin waɗannan kalandu. Kamfanoni da shaguna ke rabawa abokan cinikinsu a sabuwar shekara, idan shekara ta ƙare a yanke kwanakin a sa hoton a firam.

Indiya faɗi gare ta, kuma salon zane ba Tanjore kaɗai ba ne. A Mysore akwai ɗan'uwansa mai siririn tudu da launi mai sanyi. A Nathdwara ta Rajasthan ana zana manyan ƙyallaye da ake kira pichwai, a rataya bayan gunkin Shrinathji, wato Krishna yana yaro, wanda aka kawo garin a 1672. Ana canza su bisa yanayi da bukukuwa, na damina daban, na shanu daban. A yankin Mithila na Bihar mata ne ke zane a bangon ɗakin amarya tun kaka da kakanni, sai a shekarun 1960, lokacin fari, aka ƙarfafa musu su mayar da shi kan takarda su sayar, ya fita duniya da sunan Madhubani.

Wanda ya fi amsa tambayarki shi ne na jihar Odisha, da ake kira pattachitra. Masu yin sa, irin na ƙauyen Raghurajpur kusa da Puri, suna haɗa ƙyalle biyu da danƙon tsamiya da alli, farin launinsu daga ƙwanson teku, baƙin daga kunkunniyar fitila. Kowace shekara a babban haikalin abin bautarsu Jagannath da ke Puri ana yi wa gumakan katako wanka na musamman, sai a ce sun kamu da zazzaɓi, a killace su kimanin kwana 15 ba mai ganinsu. A waɗannan kwanaki zane ake kawowa a ajiye a madadinsu, a yi masa duk hidimar da ake yi musu. Wato a ɗaya daga cikin manyan haikalan ƙasar, zane yana zama a kujerar gunki, kuma ba wanda ke ganin an rage wani abu.

Don haka shawarata game da tsarabar ita ce ki bar ta. Kyawun aikin ba abin musu ba ne, ni kaina ina girmama hannun da ya yi shi. Amma abin da za ki rataya a falo siffar abin da ake bauta wa ce, an yi ta domin a bauta mata, kuma matsayin Musulunci a kan wannan ba ɓoyayye ba ne. Idan kina son tafsilin hukunci, malamai ne masu shi. Ko ta fuskar masu addinin ma, da yawansu ba sa jin daɗin ganin hoton a hannun wanda zai ajiye shi duk inda ya ga dama. Sun sha yin ƙorafi a kan kamfanonin waje da ke buga Ganesha ko Lakshmi a jikin takalmi da tabarmar ƙofa. Su idan hoto ya tsufa ko ya yage ba sa jefa shi a shara, sukan kai shi gindin wata bishiya da suke girmamawa ko su saka shi a kogi.

Mai yiwuwa ranar tafiyarku uwargidan ta miƙo miki kalanda ko ɗan ƙaramin hoto, ko ta kawo wa Hajiya prasad da nufin fatan samun sauƙi. Alheri take nufi. Ki yi mata godiya sosai, ki gaya mata cikin sakin fuska cewa addininki bai ba ki damar karɓa ba. Ba baƙon abu ba ne a wurinta, domin Musulmi sun daɗe a Chennai, babban masallacin Wallajah da ke unguwar Triplicane tun 1795 yake tsaye. Idan kuwa ya riga ya shigo hannunki, ki ba wani ɗan Hindu ko ki bar shi a wuri mai tsabta a gidan, kada ta tarar da shi a kwandon shara bayan kun tafi. Kada ki shiga lungun da takalmi, kada ki taɓa hotunan, kuma ki nemi izini kafin ki ɗauki hoto da waya.

Ki kuma yi hattara da mai shagon da zai ce miki kayansa tsohon tarihi ne. Dokar Indiya ta 1972 ta hana fitar da kayan fasaha da suka haura shekara 100 daga ƙasar, kuma ainihin zanen hannun Ravi Varma yana cikin waɗanda gwamnati ta ayyana dukiyar ƙasa. Ko dai ƙarya yake miki, ko kuma yana jawo miki rigima a filin jirgi.

Idan aikin hannun ne ya burge ki, kina iya samunsa ba tare da siffar abin bauta ba. Masu Tanjore suna yin alluna na furanni da irin wannan tudun zinaren, wasu ma sukan yi rubutun Larabci idan aka ba su aiki. Akwai yadin kalamkari mai zanen ganye da rassa da ake rinawa da launin itatuwa, akwai kuma silikin Kanchipuram, garin masaƙa da bai kai tafiyar awa biyu daga Chennai ba. Sai dai ki buɗe yadin gaba ɗaya ki duba bakinsa kafin ki biya, domin wasu masaƙan sukan saƙa ƙananan siffofin alloli a jikin gefen.